Mutum Goma Sha Biyar Masu Datti a Goshi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe takwas da minti ashirin na safiyar wata Laraba ba. Na san lokacin daidai, domin ni na rubuta shi da hannuna a saman shafi, har na ja masa layi biyu da rula. Lokacin ina aji biyar a makarantar sistocin Katolika da ke garinmu Gadarif, shekarata ta farko a wurin. Da na san abin da zan jera a ƙarƙashin layin nan, da na ce cikina na ciwo na koma gida.

Babana tela ne a kasuwa, shi yake ɗinka wa makarantar kayan ɗalibai. Wata rana shugabar makarantar, Sista Anjelina, ta zo karɓar ɗinki ta tarar da ni a ƙarƙashin teburin yanka ina karanta tsohuwar jaridar da aka naɗo yadi da ita. Ta daɗe tana magana da Baba. Abu ɗaya na ji ya tambaya, ko za a bar ni in yi sallata. Ta ce masa kusan rabin yaran Musulmi ne, kuma suna da ustazarsu mai koya musu Ƙur'ani. Da aka buɗe sabuwar shekara sai ga ni a can, cikin rigar da Baba ya ɗinka da ɗan girma don ta kai ni aji shida.

Ni ba ni da baki. Idan malama ta kira sunana, sai amsar ta zo har maƙogwaro ta zauna. A wata takwas ƙawa ɗaya tak na yi, Tariza, wata yarinya 'yar ƙabilar Nuba da aka haɗa mu benci. Ita ke magana, ni ina gyaɗa kai, kuma tsarin ya yi mana daidai. Lokacin fatur, wato karin kumallon ƙarfe goma, tare muke raba burodi da wake a gindin bishiyar nim, wato dogon yaro. Kafin ta ja ni, ni da bango muke cin namu. Na faɗi haka ne don a san cewa idan Tariza ta juya mini baya, bangon nan zan koma wa.

Saboda littattafaina ba su da ko ɗigon tawada, sai Sista ta naɗa ni mai duba tsabta a ajinmu. Kowace safiya in tsaya a bakin ƙofa in duba farce, wuyan riga, takalmi da fuska, wanda ya gaza in rubuta shi. Ranar Laraba kuma masu duba tsabta na kowane aji su karanta sunayen da suka rubuta a tabur, wato taron da ake jera duk makaranta a fili. Ranar da ta miƙa mini littafin tsabta ta ce, "Ba babba ba yaro. Ko ni kika gani da datti, ki rubuta." (Wasa take yi. Har yau ban cika gane lokacin da manya suke wasa ba.)

To a wannan Larabar an ɗage tabur zuwa ƙarfe tara. Yara Kiristoci suka wuce cocin da ke jikin katangarmu, mu kuma muka zauna da ustazarmu. Wannan ba sabon abu ba ne, sukan tafi su dawo suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, ni dai ban taɓa tambayar me ake yi a ciki ba. Takwas da minti ashirin suka dawo a layi. Na tsaya a ƙofa, na rubuta lokaci, na ɗaga kai.

Yarinyar farko tana da baƙin tabo a tsakiyar goshi. Na rubuta. Ta biyu ma haka. Na uku yaro ne wanda kullum nake kama shi da farce, yau farcensa fes, amma ga tabon. Da na kai mutum na shida sai abin ya fara ɗaure mini kai.

Na shiga neman dalili. Ƙasar Gadarif baƙa ce, idan damina ta yi kowa sai ya sha taɓo har kunne, amma rabonmu da ruwa wata huɗu. Na ce ko an yi wa bencin coci sabon fenti sun kifa kai a kai. To fenti ba ya zaɓen wuri, wannan kuwa duk wuri ɗaya yake, girman babban yatsa, a wasu kamar layi biyu ne suka gitta juna gumi ya dama su. Na ce ko amalanken gawayi ne ya wuce su. Amma wane irin gawayi ne zai tsallake farar riga ya sauka a goshi?

Abin da ya fi rikita ni, ba wanda ya ji kunya. Na saba idan na ɗaga alƙalami a ɓoye hannu a baya, a fara "don Allah, yau kawai." Waɗannan kuwa tafe suke a hankali, kai a miƙe, kamar masu ɗauke da farantin ƙwai. Na tattara ƙarfin hali na ce wa wata, "Goshinki." Ta ce, "Na sani," ta wuce.

Sai na juya wajen Ikhlas, Musulma ce kamar ni amma tun aji ɗaya take makarantar. Na raɗa mata, "Kina ganin abin da nake gani?"

Ta leƙa littafin, ta ciji leɓe. Ta ce, "Ina gani ƙwarai. Yi aikinki, ya mufattisha. Kada ki bar ko ɗaya." (Mufattisha shi ne sunan da suke tsokanata da shi, wai babbar mai bincike daga ma'aikatar ilimi. Na ɗauka ranar ce ta fara girmama aikina.)

Tariza ce ta ƙarshe a layi, kuma nata tabon ya fi na kowa baƙi. Nan na shiga uku. In rubuta ta, a kira sunan ƙawata a gaban makaranta. In tsallake ta, na ci amanar littafi. Sai dabara ta zo mini, irin wadda har yau in na tuna nakan rufe fuska da matashi: idan babu dattin, ai babu abin rubutawa. Na zaro hankicina, na tsoma shi a ruwan tulun da ke bakin aji, na ce, "Tsaya, kada ki motsa."

Shafa biyu na yi. Ni ba na aiki rabi.

Ta cafke hannuna, amma an riga an gama. Ta dubi hankicin, ta taɓa goshinta, ta dubi yatsanta. Ta ce, "Me kika yi?"

Na ce, "Na cece ki. Ba zan rubuta ki ba."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta shiga ta zauna can ƙarshen benci, ta ajiye jakarta a tsakaninmu. Tariza da ba ta iya minti ɗaya shiru. Na yi ta juya abin a raina, ko na murza da ƙarfi ne, ko ruwan ya yi sanyi.

Ƙarfe tara aka kaɗa ƙararrawa muka jeru. Sista ta fito daga ofis, na dube ta. Ga shi nan a goshinta, ƙasa da farin mayafinta, sak irin na yara. Na tuna maganarta kalma-kalma. Na dafa littafin a gwiwa, na rubuta lamba goma sha huɗu.

Tare da ita akwai baƙo, limamin cocin, wani dogon dattijo da kowa ke kira Abuna. Ban kalle shi ba, don ni ba na kallon baƙi. Masu duba tsabta na ƙananan azuzuwa suka karanta nasu, wannan farce, wancan takalmi. Ba wanda ya ambaci goshi, alhali ina hango tabon nan a kowane layi. Na ce a raina, lallai ni kaɗai ce mai aiki a makarantar nan.

Aka kira aji biyar. Magana ce ba na iyawa, amma abin da yake a rubuce ina karanta shi da kyau, da tsayawa inda aka sa aya. Na karanta suna na farko, na ce, "Datti a goshi." Na biyu, "Datti a goshi." Wajen na biyar na ji wani sauti daga layin malamai, kamar mutum ya ƙware da shayi. Wajen na tara ustazarmu ta ja gefen tobinta, wato mayafinta, ta rufe baki. Ban ɗaga kai ba, na ɗauka yaran ake yi wa dariya, har na ɗan tausaya musu.

Na ce, "Goma sha huɗu. Sista Anjelina. Datti a goshi."

Fili ya yi tsit, sannan ya fashe da dariya. Har 'yan aji ɗaya da ba su san me aka ce ba suna ta faɗuwa a kan juna. Abuna ya ɗaga hannu aka lafa. Ya sunkuyo ya ce, "Ni fa, 'yata? Ni ba mutum ba ne?"

Na ɗaga kai. Abuna mai sanƙo ne, saboda haka nasa tabon ya samu fili ya baje.

Na ce, "Ban san sunanka ba, Abuna."

Ya ce, "Rubuta Abuna kawai, za a gane."

Kuma, jama'a, na rubuta. A gaban makaranta duka na dafa littafi a gwiwa na rubuta goma sha biyar, Abuna, datti a goshi, na sa aya. Sai da na ga Sista tana share hawaye da bayan hannu sannan na fara zargin cewa ba yaran ake yi wa dariya ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki zo ofis idan an tashi, zan yi miki bayani." Idan an tashi. Awa huɗu da rabi ke nan. Da nake komawa layi na lura mutum ɗaya ce ba ta dariya a duk filin, Tariza.

Lokacin fatur ta tafi gindin bishiyarmu ta zauna ta juya baya. Na tsaya da burodina a hannu ban san inda zan nufa ba. Ikhlas ta zo wucewa, na riƙe hannun rigarta na ce, "Don Allah mene ne abin nan?"

Ta ce, "Toka ce, ya mufattisha. Toka. Abuna da kansa ya shafa musu." Ta ƙwace ta gudu tana ƙyalƙyala dariya.

Wannan bayani ya ƙara dulmiyar da ni. Me zai sa dattijo mai hankali ya bi yaran mutane yana shafa musu toka, ya shafa wa shugabar makaranta, ya kuma shafa wa kansa? Innata takan sa toka a cizon kunama, amma ba zai yiwu kunama ta harbi rabin makaranta a goshi ba. Na bar wannan. Abin da na gane shi ne toka na goge, don haka toka zan mayar.

A bakin ƙofar makaranta akwai Hajja Kaltum, Bahaushiya 'yar unguwarmu, mai soya ta'amiya, wato irin ƙosan garinmu, a kan murhun gawayi. Na yage shafi daga tsakiyar littafina (wannan kaɗai ya isa a gane halin da nake ciki, ban taɓa yage shafi ba), na durƙusa na kwashi toka daga gefen murhun.

Ta ce, "Ke 'yar tela, me za ki yi da toka? Tukunya aka ba ki wanki?"

Na ce, "Aikin makaranta ne, Hajja."

Ta ce, "Ikon Allah. Boko ya zo da sabon salo. Ki dai bar ta ta huce."

Na zaɓe guntayen gawayi ɗaya bayan ɗaya, na murje sauran da yatsa har ta yi laushi, na naɗe takardar kamar ƙunshin magani. Na je gaban Tariza na buɗe. Na ce, "Ga ta. Ta ma fi waccan yawa. Idan kin tsaya zan yi miki layi biyun daidai."

Ta dubi tokar, ta sunsuna. Ta ce, "Warin albasa take yi."

Sai ta fara kuka. Ba mai ƙara ba, irin wanda kafaɗa ce kawai ke motsi. Cikin kukan ta gaya mini cewa ba kowace toka ba ce. Ganyen dabinon da aka yi wa addu'a a coci bara ake ƙonawa, kuma sau ɗaya ake shafa ta a shekara, ranar da suke fara azuminsu. Ta ce kakarta, da take kira Habboba, shekara uku ke nan ƙafafunta ba sa ɗaukarta zuwa coci. Don haka ita Tariza ke karɓar tokar, ta lallaɓa ta har gida, ta ɗora goshinta a kan na tsohuwar, ita ma ta samu rabonta.

Ta ce, "Ni na roƙi Abuna ya sa mini da yawa. Ko gudu ban yi niyyar yi yau ba, don kada in yi gumi. Tun asuba Habboba ta sa aka wanke mata fuska tana jira."

Na tsaya riƙe da tokar ta'amiya. Da akwai rami a gindin bishiyar nan da na shiga na ja ƙasa na rufe. Maimakon in ba da haƙuri, abin da ya fito daga bakina shi ne, "To amma me take nufi, tokar?"

Ta ce, "Tambayi littafinki." Ta tashi ta bar ni.

Ban jira a tashi ba. Na nufi ofishin Sista, ni da ban taɓa buga ƙofar kowa ba. Na yi minti goma a tsaye ina karanta jadawalin da aka manna a ƙofar, sau uku, kafin ta hango ƙafafuna ta ƙasan labule.

Ta ce, "Shigo, mufattisha. An sake kama wani ne?"

Na faɗa mata komai, da hankicin, da murhun Hajja, da Habboba. Ban taɓa yin doguwar magana irin wannan a makarantar ba, kuma duk teburinta na gaya wa, don ban iya kallon fuskarta ba. Da na gama na ce, "Ko akwai saura?"

Murmushin ya bar fuskarta. Ta ce Abuna ya tafi da sauran tokar garin Showak, mutanen can ma suna jiransa, ba zai dawo ba sai gobe. Ta ɗan bubbuga alƙalami a tebur. Sannan ta aika aka kira Tariza. Ta ce mata, "Matso." Ta murza babban yatsanta a nata goshin, a hankali, har ta kwashe abin da ya rage, ta zana shi a goshin Tariza. Bai yi baƙi kamar na farko ba, amma ana ganinsa.

Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kika goge, ke za ki yi gadi. Ku tafi yanzu kafin rana ta ƙara zafi. Ki kai ta har gaban kakarta, kada ya narke a hanya. Ni zan aika wa babanki." Na buɗe baki in tambayi bayanin da ta yi mini alkawari, sai ga uban wani ɗalibi ya shigo da ƙorafi, ta kore mu da hannu.

Haka muka ratsa gari. Tariza tana tafe kai a miƙe, ni ina gefenta ina yi mata fifita da littafin tsabta, muna bin inuwar katanga. A kusa da kasuwar hatsi wasu leburori suna sauke buhunan dawa da riɗi daga mota, ɗaya ya ce, "Wace sarauniya ce wannan, har da mai fifita?" Na ji kamar in nutse, amma ban tsaya ba. Mun yi nisa a haka. Can sai Tariza ta ce, "Ta hagu. Gumi na zuwa ta hagu." Na koma hagu. Bayan ɗan lokaci ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da gaske kin rubuta Abuna?" Na buɗe shafin na nuna mata. Ta matse baki, ta ce, "Kada ki ba ni dariya, zan yi gumi." Daga nan har gida ba ta sake yin shiru ba.

Habboba tana kwance a gadon igiya cikin ɗakin ciyawa mai tsini, 'yar ƙaramar tsohuwa, fuskarta a wanke tas. Tariza ta durƙusa, ta riƙe kan tsohuwar da hannu biyu, ta haɗa goshinsu. Suka ɗan jima a haka. Da ta ɗago, ga wani ɗan duhu-duhu a goshin Habboba, wanda in da safe ne ko ni sai na matso kafin in rubuta shi.

Sannan Tariza ta kwashe labari ta ba ta, har da kwaikwayon muryata, "Datti a goshi." Tsohuwar ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce a karanta mata sunayen daga farko. Ni na karanta. A nan, a bakin gadon, na koyi abin da har yau nake aiki da shi: idan na ga mutum goma sha biyar da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, kuma ba wanda ya damu, nakan rufe littafi in fara binciken kaina.

Da za mu fito ta riƙe hannuna ta ce in zauna in sha ruwa. Ganin ba ta yi fushi ba ya sa na yi tambayar da nake ɗauke da ita tun safe. Na ce, "Habboba, don Allah, me tokar take nufi? Na tambayi kowa ba wanda ya gaya mini."

Ta ce, "Ba wani abu mai wuya ba ne, 'yata, ku ma kun san shi. Tana tuna mana cewa daga ƙasa muka fito, kuma wata rana duk za a share mu. Ke dai kin yi gaggawa ne."